Bin Diddigin da Ya Tsaya a Rabin Hanya: Martani kan Mabel Dove Danquah

Malam, na karanta maƙalarka da ta fito a wannan shafi, inda ka ce ka bi diddigin abubuwan da ake faɗa game da Mabel Dove Danquah, 'yar jarida kuma 'yar siyasar ƙasar Ghana, har ka yanke hukuncin cewa jarumar bogi ce, wadda masu fafutukar haƙƙin mata na wannan zamani suka ƙaga don su sami kakar da za su riƙa jingina da ita. Ka ce ba ita ce mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokoki a Afirka ba. Ka ce namiji ne yake rubuta filin jaridar da ya yi mata suna. Ka ce inuwar miji da aljihun uba ne suka ɗaga ta, 'yan ajinta kawai ta sani, kuma ko da ta hau kujerar edita da ta majalisa ba ta ɗumama ko ɗaya ba. Ban yarda da hukuncinka ba. Da ƙarya ce zalla ka rubuta, da na bar ta ta mutu da kanta. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne akwai gaskiya a ciki, kuma wannan gaskiyar ce za ta sa mai karatu ya haɗiye sauran ba tare da ya tauna ba.

Maganar cewa ita ce ta farko a duk Afirka, ka yi daidai da ka ƙaryata ta, na kuma gode maka. Jumla ce da ta daɗe tana yawo a littattafai da jawaban ranar mata ta duniya, wannan ya kwafa daga wancan, babu mai tsayawa ya duba. Ethel Tawse Jollie ta ci zaɓen majalisar Rodeshiya ta Kudu, Zimbabwe ta yau, tun 1920, lokacin Mabel tana da shekara 15 a duniya. Leila Reitz ta shiga majalisar Afirka ta Kudu a 1933. Lady Sidney Farrar ta shiga ta Kenya a 1938. Duka ukun ka kawo su. Akwai ma wasu biyu da ka tsallake, waɗanda da ka same su da sun fi ƙarfafa maganarka. Jane Vialle, ita ma 'yar jarida, uwarta 'yar Kwango ubanta Bafaranshe, ta wakilci Ubangi-Shari, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta yau, a majalisar dattawan Faransa daga 1947. Emilienne Rochecouste kuma an zaɓe ta zuwa majalisar tsibirin Mauritius a 1948. Na ƙara maka su ne don ka tabbata ba rufa-rufa na zo yi ba.

Sai dai ka jera sunayen Turawan nan uku ka wuce, ba ka gaya wa mai karatu irin majalisun da suka shiga ba, alhali a nan zancen yake. Dokar da ta ba mata ƙuri'a a Afirka ta Kudu a 1930 matan Turawa kaɗai ta shafa, kuma gwamnatin ƙasar ƙarƙashin Hertzog ta san abin da take yi. Da ƙuri'un Turawa suka ninka, 'yan ƙuri'un da baƙaƙen fata maza ke da su a lardin Cape sai suka rasa nauyi, a 1936 kuma aka cire su daga rajistar gama-gari. A Kenya, lokacin da Farrar ta zauna a majalisa, babu ɗan ƙasa baƙar fata ko ɗaya a zauren. Sai a 1944 aka sa Eliud Mathu, shi ma naɗa shi aka yi, kuma 'yan ƙasar ba su jefa ƙuri'ar zaɓen wakilansu ba sai 1957. A Rodeshiya, sharaɗin dukiya da na karatun boko ya tace 'yan ƙasa har sai 'yan tsiraru suka rage a rajista, ita kuma Jollie babban abin da ta yi wa gwagwarmaya shi ne 'yan kama-wuri-zauna su riƙe mulkin ƙasar da hannunsu. Majalisun nan a ƙasar Afirka aka gina su, amma an tsara su ne yadda ɗan Afirka ba zai sami ta cewa ba. Vialle kuwa kujerarta a Paris take, kuma 'yan majalisar yankinta ne suka zaɓe ta, ba jama'ar gari ba.

To me ya faru a Gwalkwas, wato Ghana kafin 'yancin kai, ranar 15 ga Yuni, 1954? A ranar ne aka yi zaɓen farko da aka cike dukkan kujerun majalisar ƙasar, guda 104, da ƙuri'ar jama'a kai tsaye, ba naɗin gwamna, ba kason sarakuna. Jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah ta tsayar da Mabel Dove a mazaɓar Ga ta karkara, ƙauyukan da ke kewaye da Accra, ta kuma ci. Ita kaɗai ce mace a zauren. Majalisa ce ta 'yan ƙasa wadda 'yan ƙasa suka zaɓa, saura shekara uku a sauke tutar Ingila. Ka auna wannan da sauran ƙasashe. Rawya Ateya ta shiga majalisar Masar a 1957, a shekarar da Senedu Gebru ta shiga ta Habasha, Ella Koblo Gulama ta shiga ta Saliyo. Aoua Kéita ta Mali sai 1959. Margaret Ekpo ta ci kujerar majalisar yankin Gabashin Najeriya a 1961. Fatima Ahmed Ibrahim ta Sudan sai 1965. Mu kuwa a Arewacin Najeriya, a shekarar da Mabel take zaune ana muhawarar dokoki da ita, mace ba ta da ko ƙuri'ar jefawa, balle a jefa mata. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan bukata ƙarƙashin tutar NEPU, kuma bukatar ba ta biya ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 da babban zaɓen 1979.

Saboda haka abin da bincike na adalci zai ce shi ne: ita ce mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin ƙasarta, ta farko a ƙasashe huɗu na Afirka ta Yamma da Ingila ta mulka, kuma tana sahun gaba a nahiyar baki ɗaya. Da'awar ta ragu, amma abin da ya saura ba ƙarami ba ne. Kai kuwa ka kama kuskuren masu yabonta ka ɗora mata a ka, ka hukunta ta da shi.

Ni ma wannan ɗabi'a ta neman “ta farko” ko ta halin ƙaƙa ta daɗe tana damuna. Lokacin da Fatima Ahmed Ibrahim ta rasu a 2017, an sha liƙa mata wannan lambar ta mace ta farko a majalisa a Afirka, alhali Mabel ta riga ta da shekara 11. Funmilayo Ransome-Kuti ta jagoranci dubban matan Abeokuta suka yi bore kan haraji har Alake Ademola ya bar karaga a farkon 1949, ko da yake ya dawo daga baya, amma ka tambayi ɗalibi a yau, abin da zai fara gaya maka shi ne ita ce macen da ta fara tuƙa mota a Najeriya. Lambar takan danne aikin, har ya zama idan lambar ta faɗi sai mutane su ɗauka babu sauran komai. Masu yabo ne suka fara wannan kuskure na auna mace da lamba. Kai ma da ita ka auna, sai dai kai ƙasa ka ja.

Yanzu ga zargin da ya fi nauyi, wanda kuma ya fi ɓata mini rai. A 1931 Dakta J. B. Danquah, wanda daga baya ya zama mijinta, ya kafa jaridar kullum da aka fi sani da Times of West Africa a Accra. A cikinta akwai filin mata mai ɗauke da sa hannun wata Marjorie Mensah. Babu mace mai wannan suna, sunan aro ne. Ka ce wani namiji a ofishin jaridar, Kenneth MacNeill Stewart, ya yi iƙirarin shi ya ƙirƙiri sunan kuma mallakarsa ne, har rigimar ta kai kotu a 1934. Wannan ya faru. Gaskiya ne kuma hannu fiye da ɗaya ya taɓa filin. Amma a ina ka samo labarin?

Ba ka faɗa ba, to bari in faɗa. Labarin ya fito fili ne ta hannun wasu mata biyu masu bincike, Audrey Gadzekpo ta Jami'ar Ghana da ke Legon da Stephanie Newell, waɗanda suka zauna da tsofaffin jaridun nan suna bin su fitowa bayan fitowa. Su ne suka tattara rubuce-rubucen Mabel suka buga a littafi a 2004, shekara 20 bayan rasuwarta. Newell ta sake komawa kan rigimar Marjorie Mensah a littafinta The Power to Name na 2013, wanda gaba ɗayansa a kan ɓoye suna ne a jaridun Afirka ta Yamma zamanin mulkin mallaka. Wato mutanen da kake zargi da ƙera jaruma su ne suka tono abin da kake jifan jarumar da shi, suka shimfiɗa shi a fili ba tare da wani ya tilasta su ba. Mai son ƙaga tarihi ba ya yin haka. Kuma bayan sun duba duk wannan, ba su miƙa wa Stewart filin ba. Matsayar da suka kai ita ce Mabel Dove ce babbar muryar da ke bayan sunan, shi ya sa suka sa rubuce-rubucen a littafin da ke ɗauke da sunanta. Ka ɗauki rabin bincikensu da ya yi maka daɗi, ka bar rabin da ya rushe maganarka, ba ka ko sanar da mai karatu cewa akwai wani rabin ba.

Ka kuma nuna kamar rubutu da sunan aro wani abin tuhuma ne. A jaridun wancan zamani shi ne abin da aka saba, ga maza da mata, kuma da dalili. A 1934 gwamnatin mulkin mallaka ta tsaurara dokar hana rubutun tunzura jama'a, ɗaya daga cikin dokokin da suka sa Danquah kansa ya tafi Landan cikin tawagar kai ƙorafi. A 1936 aka gurfanar da I. T. A. Wallace-Johnson da Nnamdi Azikiwe kan wata maƙala da ta fito a African Morning Post, jaridar da Azikiwe yake wa edita a Accra, kuma ita ma maƙalar da sunan aro ta fito. A wannan jaridar ce Mabel take rubutu da sunan Dama Dumas. Ga mace hatsarin ninki biyu ne. Da rana tana buga tafireta a kamfanin Turawa, Accra ta 'yan boko kuwa ƙaramin gari ce, kowa ya san gidan kowa. Macen da za ta rubuta a jarida cewa manyan maza suna halatta wa kansu abin da suke haramta wa mata, ko ta taɓa Bature, dole ta yi tunanin aikinta da mutuncin gidansu kafin ta sa sunanta a ƙasa.

Ga tambayar da ba ka yi wa kanka ba. Times of West Africa ta daina fitowa a 1935, amma rubutun bai tsaya ba. Dama Dumas ta ci gaba a African Morning Post. A 1936 da 1937 Ebun Alakija tana rubutu a Nigerian Daily Times ta Legas. Daga 1950 Akosua Dzatsui tana Accra Evening News. Duk Mabel ce. Gajerun labarai suna fitowa da sunanta na ainihi har ƙarshen shekarun 1960, kuma ba ta ajiye alƙalami ba sai da idanunta suka tafi a 1972. Kusan shekara 40 ke nan, jaridu daban-daban, editoci daban-daban, ƙasashe biyu. Wane namiji ne ya rubuta mata duk wannan? Idan kana da sunansa da shaidarka, ka kawo. Idan babu, to rigimar 1934 labari ne kan wanda ke da mallakar wani suna a wata jarida guda, ba hujja ce kan wanda ya iya rubutu ba.

Zargin naka ma ba sabo ba ne. Tun filin yana fitowa akwai masu karatun da ke aiko da wasiƙu suna cewa ba yadda za a yi 'yar ƙasa ta iya Turanci da kaifin hujja haka, lalle namiji ne ya ɓuya a bayan sunan. Ba su da wata shaida, raini ne kawai. Bayan shekara 90 ka ɗauko wannan rainin ka sake gabatar da shi da sunan bincike.

Abin da ya fi ba ni mamaki a maƙalarka shi ne ba ka taɓa rubutunta ko ɗaya ba. An yi wa marubuciya shari'a ba a buɗe abin da ta rubuta ba. A 1932 George Bernard Shaw, wanda ya riga ya karɓi kyautar Nobel, kuma da wuya a sami marubucin Turanci da ya kai shi suna a lokacin, ya fitar da wani ɗan littafi kan wata baƙar yarinya da ta shiga daji neman Ubangiji riƙe da kulki, ta ƙare da auren wani ɗan ƙasar Ayalan tana renon 'ya'ya. Turai ta yi ta cacar baki kan abin da littafin ya faɗa game da addini. Mabel ta dubi wani wuri daban, ta dubi yadda aka siffanta 'yar Afirka, wadda a zanen littafin ko tufafi ba a ba ta ba. A 1934 ta mayar masa da martani a Times of West Africa, labari mai fitowa kashi-kashi mai suna The Adventures of the Black Girl in her Search for Mr Shaw. Tata yarinyar mai ilimi ce, ta san duniya, kuma Shaw ɗin kansa ta fita nema, a hanya tana bi ta kan 'yan mishan da halayyar masu mulkin mallaka. Akawu 'yar shekara 29, a ƙasar da ke ƙarƙashin Ingila, ta tsaya gaban Shaw ta yi masa gyara da irin makaminsa, wato barkwanci mai cizo. Ka lissafa mini mutum nawa ne, maza ko mata, suka yi irin wannan a Afirka ta Yamma a shekarar.

A 1947 ta rubuta Anticipation. Wani babban sarki ne ana bikin cikarsa shekaru a kan karaga, ya hango wata mai rawa ta tafi da hankalinsa, ya aika a kai kuɗin aurenta. Sai da aka kawo ta ɗaki ta tuna masa cewa ai matarsa ce, ya riga ya biya kuɗin nan tun a baya. Matan sun yi masa yawa har ba ya gane fuskarsu. Babu wa'azi a labarin, babu zagi, ta bar abin da ya faru ya yi magana da kansa, shi ya sa har yau ake sa shi a kundayen adabin matan Afirka irin su Unwinding Threads na 1983. Mutum ba ya bukatar ya zama mai rajin 'yancin mata kafin ya ga zalunci a auren da miji bai san fuskar matarsa ba. A wannan shekarar ce kuma ta rubuta The Torn Veil, labarin mutumin da ya sami ɗaukaka ya ga matar da ya aura bisa al'ada, uwar 'ya'yansa, ba ta dace da sabon matsayinsa ba, ya nemi 'yar boko don auren coci. Ka lura da inda tausayin marubuciyar ya karkata. Yana wurin matar gida da aka wulaƙanta, ba wurin 'yar makaranta irinta ba. Wannan labarin kaɗai ya isa ya sa ka sake duba maganarka ta cewa 'yan ajinta kawai ta sani.

Ba waliyyiya nake son mayar da ita ba. 'Yar manyan gida ce, da Turanci take rubutu a ƙasar da mafi yawan mata ba su yi karatun boko ba, kuma filinta cike yake da zancen ado da ladubban zama da nasiha ga 'yan mata, wani lokaci da muryar wadda take ganin ta fi su wayewa. Akwai ra'ayoyinta kan aure da zaman iyali da ni ma zan yi gardama da su. Idan abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya ke nan, ka fito ka faɗa mu yi muhawara a kansa, muhawara ce mai amfani. Amma ƙin ra'ayin mutum daban, cewa ba shi ya faɗe shi ba daban.

Batun uba ba zan daɗe a kai ba. Francis Dove babban lauya ne ɗan asalin Saliyo da ya zauna a Accra, mahaifiyarta Eva Buckman kuma 'yar kasuwa ce a Osu. Kuɗinsa ne ya kai ta makarantar Annie Walsh a Freetown, ya kai ta Ingila. A can ta shiga koyon aikin sakatariya ba da son ransa ba, kuma da ta dawo gida tana da shekara 21 aikin albashi ta kama, a kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, sannan G. B. Ollivant, sannan Leventis. 'Ya'yan manya da yawa sun sami irin wannan ilimi a lokacin. Kuɗin makaranta uba ke biya, amma shekara 40 na rubutu babu uban da ke biya wa 'yarsa.

Maganar miji ce ta fi rauni a duk abin da ka rubuta, don kalanda kaɗai ta isa ta rushe ta. Gaskiya ne a jaridar Danquah ta fara, shi ya buɗe mata ƙofa, amma filin Marjorie Mensah ya fara a 1931, auren kuwa sai Satumba 1933. Marubuciya ya gani kafin ya aure ta. A 1934 ya tafi Ingila bai dawo ba sai 1936, auren bai ƙara miƙewa ba, suka rabu a tsakiyar shekarun 1940. Siyasarta kuma duk bayan wannan ta zo, kuma a ɓangaren da ke yaƙarsa. Danquah yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar UGCC a 1947, su ne suka kira Nkrumah ya zo ya riƙe musu sakatare, a 1949 ya ɓalle ya kafa CPP, aka shiga gaba mai tsanani. Mabel ta bi Nkrumah. Accra Evening News da take rubutu a ciki ita ce bakin CPP, jaridar da ba ta raga wa Danquah da mutanensa. A zaɓen 1954 ita tana takara a CPP, shi yana takara a jam'iyyar Ghana Congress Party a Akyem Abuakwa, ƙasar haihuwarsa, inda yayansa Nana Ofori Atta na ɗaya ya yi sarauta. Ta ci, shi ya sha kaye a hannun ɗan takarar jam'iyyarta, kuma jam'iyyarsa kujera ɗaya tak ta samu a faɗin ƙasar. Sunan da bai iya ceto mai shi a garinsu ba, ta yaya zai ci wa tsohuwar matarsa zaɓe a ƙasar Ga, a jam'iyyar abokan gabarsa?

Da a kan wannan dangantaka kake son matsawa, akwai tambaya ta gaske da ka wuce ta ba ka gani ba. Gwamnatin jam'iyyar da ta yi wa biyayya ce ta kafa dokar tsare mutane ba shari'a a 1958, kuma a ƙarƙashinta Danquah, uban ɗanta, ya mutu a kurkukun Nsawam a watan Fabrairu 1965. Yadda marubutan CPP suka riƙe alƙalaminsu a waɗannan shekaru abu ne da ya cancanci a bi diddiginsa, ba tare da an ɗaga wa kowa ƙafa ba, har da ita. Wannan aiki ne mai wuya, yana bukatar zama da jaridun lokacin. Ka bar shi ka ɗauki zargi mai sauƙi, wanda ake yi wa duk macen da ta yi fice.

Saura gajartar zamanta a kan kujeru. A 1951 aka ba ta editan Accra Evening News, kujera mai zafi, don editocin jaridar sun sha ɗauri a hannun Turawa, Nkrumah kansa daga kurkuku ya ci zaɓen watan Fabrairu na shekarar. Bayan wata biyar ta bar kujerar saboda saɓani da Nkrumah kan yadda za a tafiyar da jaridar. Ka kira wannan gazawa. Editan da ta saɓa wa shugaban jam'iyya a daidai lokacin da ake rera masa waƙa a kowane titi, ta rasa kujera, ta kuma ci gaba da yi wa tafiyar aiki, ni abin da na gani a nan shi ne ba 'yar amshin shata ba ce. Majalisar 1954 kuwa ita kanta shekara biyu ta yi, don Ingila ta bukaci a sake zaɓe a Yuli 1956 kafin ta miƙa mulki, saboda rikicin da ya taso da 'yan adawa na ƙasar Asante. Wa'adin kowa ne ya ƙare, ba nata kaɗai ba. Gaskiya ne ba ta koma ba, amma ka duba wanda ya shiga: babu mace ko ɗaya. Ghana ta karɓi 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957, da majalisa ta maza zalla, sai a 1960 aka yi doka ta musamman aka ware wa mata kujeru 10. Jam'iyyar da matan kasuwa suka ɗauka a kansu, da kuɗinsu da muryarsu, sai da doka ta iya shigar da mata zauren. Wadda ta shiga ta ƙofar zaɓen kowa da kowa shekara shida kafin nan ta yi abin da tsarin bai shirya wa ba, kuma fitarta da wuri ta fi ba da labarin jam'iyyar da zamanin a kan labarin ƙwazonta.

Malam, abin da ya sa na tsawaita shi ne mai karanta Hausa ba shi da tsofaffin jaridun Accra a gabansa. Abin da aka rubuta kan wannan mata da harshenmu kaɗan ne ƙwarai, don haka maƙalarka ce za ta zama abin da ɗalibi a Kano ko Damagaram ko zangon Kumasi zai sani, zai kuma maimaita da ƙarfin gwiwa, tunda an ce masa an bincika. Wanda ya rubuta yabo marar tushe ana iya shakkar sa. Wanda ya zo da sunan tantance gaskiya ba a cika shakkar sa ba, shi ya sa nauyin da ke kansa ya fi.

Gyaranka na farko ka riƙe shi, ni ma zan taya ka yaɗa shi, duk inda aka rubuta cewa ita ce ta farko a Afirka a gyara a faɗi abin da ya tabbata. Maganar miji ka janye ta, shekarun sun ƙaryata ta. Maganar Stewart ka cika ta, ka gaya wa masu karatunka inda ka samo ta da matsayar da masu binciken suka kai. Sannan ka nemi littafin nan na 2004, ka karanta martaninta ga Shaw da labaranta na 1947, ka dawo wannan shafi ka nuna mana inda kake ganin ta kauce a ra'ayinta. A kan wannan a shirye nake mu yi ta musayar alƙalami, ko fitowa nawa za ta ci.